Me ya sa tarin taurarin da ke can nesa suke fitowa ja?

Tun da hotunan madubin hangen nesa na James Webb suka fara yawo a wayoyi a 2022, ɗalibai a nan Samaru suke ta tambaya kan jajayen ɗigon da ke cikinsu.

Malam, waɗannan ɗigo taurari ne?

A'a. Akasari kowane ɗigo galaksi ne guda, wato tarin taurari miliyoyi ko biliyoyi, irin wanda ranarmu take ciki. Hasken wasunsu ya yi fiye da shekara biliyan 13 a hanya, saboda haka kamanninsu na wancan zamani muke gani.

To daga ina jan ya fito?

Dalilai uku ne. Sararin samaniya yana faɗaɗa, kamar yadda binciken Edwin Hubble na 1929 ya nuna. Haske kamar igiyar ruwa yake tafiya, kuma wannan faɗaɗar tana miƙar da igiyar hasken da ya daɗe a hanya: ya taso shuɗi, ya iso ja, ko ma ya zarce ya zama infirared, wanda ido ba ya gani. Sai tsufa. Manyan taurari masu shuɗin haske cikin 'yan miliyoyin shekaru suke ƙonewa, don haka galaksin da ya daina haihuwar sababbi, jajaye masu sauƙin zafi ne ke rage masa. Na ukun ƙura ce. Duk Bazazzagin da ya ga yadda hazon hunturu ke dushe rana ta yi jawur da yamma ya san wannan; ƙura ta fi tare shuɗin haske, ta bar ja ya wuce.

A nan gizo ke saƙar. Galaksin da ya tsufa ya yi shiru, da wanda ke ta zuba sababbin taurari amma ƙura ta lulluɓe shi, a hoto duk ɗaya suke.

Yaya ake bambanta su?

Ana warware hasken kamar bakan gizo, a duba layukan da sinadarai irin su haidurojin ke bari, su ne ke faɗin nisa. Sannan ƙurar da sababbin taurari suka ɗumama tana fitar da infirared mai yawa. Tsohon galaksi kuwa ba shi da wannan. Ni dai ban cika yarda da hukuncin da aka yanke daga launi kaɗai ba.

Ana iya ganin infirared ɗin nan a gida?

Saita rimot ɗin talabijin ga kyamarar wayarka ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa, alhali idonka bai ga komai ba. William Herschel ne ya gano infirared a 1800, da ma'aunin zafi. Tunda duk abu mai ɗumi yana fitar da shi, tururin ruwan da ke iska kuma yana shanye shi, sai aka kai Webb, mai madubi mita 6.5, nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, aka yi masa laima don ya zauna cikin tsananin sanyi.

Me aka gano game da yadda galaksi suka girma?

Haihuwar taurari ta kai ƙololuwa kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, daga nan ta yi ta raguwa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne saurin farawar. A 2024 an ga wani galaksi mai suna JADES-GS-z14-0, wanda ke nan tun sararin samaniya yana da shekara kusan miliyan 290, ya kuma fi yadda aka zata haske. Akwai kuma wani rukuni na ƙananan jajayen ɗigo da Webb ya gano, waɗanda masana da yawa ke ganin baƙin rami ne, wato wurin da ƙarfin jansa ko haske ba ya tsere masa, ke haɗiyar iskar gas a tsakiyarsu, wasu kuma ba su gamsu ba tukuna.