Waiwaye: Ɗan ƙarfen gindin harsashi da masu ɗura na Amurka ke muhawara a kansa

Wanda ya taɓa juya harsashi ya dubi gindinsa zai ga wani ɗan ƙarfe zagayayye a tsakiya. Shi ne furaima, makunnin harsashi. Idan aka ja kunama, allurar bindiga ta doke shi, sai ɗan sinadarin da ke cikinsa ya yi tartsatsi, wutar ta bi ta wata 'yar kafa ta kama albarushi. In bai tashi ba, komai tsadar bindiga ta zama sanda.

A Amurka dokar tarayya ta bar mutum ya sake ɗura harsashi a gida don amfanin kansa. Masu gasar harbi da ƙananan bindigogi suna yawan yin haka, domin wanda ke harba dubbai a shekara ba zai jure sayen sabo kullum ba. Sukan tsince kwanso a filin harbi, su wanke, su sake amfani da shi sau da yawa. Wasu ma da kansu suke narka dalma su ƙera kan harsashi. Amma furaima dole sai an saya. Shi ya sa gardamar wanne za a zaɓa, na kamfanin CCI ko na Federal, na Winchester ko na Remington, ba ta ƙarewa a tsakaninsu. A ganina yawancin zaɓin tarihi ya riga ya yi musu shi tun kafin a haife su, sauran kuma kasuwa ce ke yankewa.

Kafin furaima, dutsen ƙyastu ne ke tayar da bindiga, irin tsofaffin bindigogin da 'yan kasuwar Turai suka riƙa saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma har suka iso hannun mafarautanmu. Matsalarsa biyu ce: ruwan sama na kashe shi, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin walƙiyar farko da fitar harsashi. Wannan jinkirin ne ya dami wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, mai farautar agwagin ruwa, domin tsuntsu na ganin walƙiya sai ya nutse ko ya tashi. A 1800 Edward Howard ya bayyana wani sinadari na zaiba mai fashewa da an buge shi, a 1807 kuma Forsyth ya yi rajistar hanyar tayar da bindiga da duka maimakon ƙyastu. Daga nan aka samu 'yar hular jan ƙarfe da ake kifawa a kan bindiga, wadda mutane da dama suka yi iƙirarin su suka ƙirƙiro ta.

Babban sauyin ya zo ne a 1866, lokacin da mutum biyu suka fito da hanyar dasa wannan hular a gindin kwanso. Ɗaya Ba'amurke ne, Hiram Berdan. Ɗayan Baturen Ingila ne, Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich. Bambancinsu ɗan ƙarami ne a ido. Sinadarin na bukatar wani abu mai tauri a ƙarƙashinsa da za a matse shi a kai, wato 'yar maƙera. Berdan ya sa maƙerar ta zama ɓangaren kwanson, da ƙananan kafofin wuta a gefenta, galibi biyu. Boxer ya sa maƙerar a cikin furaiman kansa, kwanson kuma ya zama da kafa guda a tsakiya. Wannan kafa gudan ita ce uwar sana'ar sake ɗura baki ɗaya: da ɗan tsinken ƙarfe ake zura ta a ture tsohon furaima ya faɗo, cikin daƙiƙa ɗaya. Na Berdan kuwa cire shi wahala ce, yawancin masu ɗura zubar da kwanson suke yi. Abin dariyar shi ne, Amurka ta rungumi ƙirar Baturen Ingila, ita kuma Turai ta daɗe a kan ƙirar Ba'amurke.

Sai kuma yaƙi da sinadarin kansa, wanda ya ci shekaru da yawa. Zaiba tana shiga jikin tagullar kwanso ta sa shi ya yi gautsi, ya tsage idan aka sake ɗura shi. Rundunar sojan Amurka ta rabu da ita a ƙarshen ƙarni na 19, ta koma wa wani haɗi mai sinadarin fotasiyam kulorat. Kwanso ya tsira, bindiga ta shiga uku. Soja zai goge bututu, ya shafa mai, bayan kwana biyu ya tarar da tsatsa. An daɗe ana ɗora wa sabon albarushi marar hayaƙi laifi, sai a 1922 wani masani na hukumar ma'adinai ta Amurka, Wilbert Huff, ya nuna cewa furaiman ne ke barin wani irin gishiri a bututu, gishirin na jan danshi, kuma mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin RWS na Jamus ya fito da haɗin Sinoxid, Remington kuma ya fito da Kleanbore, furaimomin da ba sa cin ƙarfe. Sojojin Amurka dai ba su gama komawa kansu ba sai a shekarun 1950. Haɗin da ya zauna daram tun daga lokacin shi ne mai sinadarin dalma, kuma shi ne a cikin kusan duk kwalin da mai ɗura zai saya yau.

Girma ma an daidaita shi. Akwai ƙarami mai faɗin inci 0.175, wajen milimita 4.4, akwai babba mai inci 0.210. Ƙaramin shi ke shiga harsasan da aka fi harbawa: 9mm, .380, .38 Special, .357 Magnum da .40 S&W. Kowane kamfani da lambarsa. CCI na kiran nasa 500, Federal 100, Winchester WSP, Remington 1½. Tunda faɗinsu ɗaya, sinadarinsu kuma dangin juna ne, a ina gardamar take?

Tana wuri biyu, kuma na farko shi ne taurin kofin, wato 'yar hular ƙarfen furaiman da allura ke doka. Masu ɗura sun daɗe da sanin cewa na Federal ya fi saurin tashi, na CCI ya fi tauri. Ga mai bindigar da ba a taɓa ta ba, wannan ba ya nufin komai, allurarta na da ƙarfin tayar da kowanne. Amma mai gasa da libarba, ƙaramar bindiga mai ɗakin harsasai da ke juyawa, yakan sassauta sifirin don kunama ta yi laushi a yatsa, dukan allurar sai ya ragu. Irin wannan mutumin in ya sa furaima mai tauri, zai ji ƙas, babu ƙara, ya duba gindin harsashi ya ga ɗan lotsawa kaɗan, agogon gasa kuma na tafiya. Shi kam Federal yake nema ido rufe. Laushin ma da iyakarsa. Remington da kansa ya yi gargaɗi kada a sa 1½ a harsasai masu tsananin matsi irin su .357 Magnum da .40 S&W, domin kofin na iya hujewa, iskar wuta ta dawo baya ta ci fuskar bindiga. Don irin waɗannan ya yi mai lamba 5½.

Wuri na biyu shi ne ƙarfin wuta. Bayan fitowar .357 Magnum a 1935 da albarusai masu jinkirin ci, an ga wasunsu ba sa kamawa sosai, musamman a sanyi, sai aka yi furaiman magnum, kamar CCI 550 da Federal 200. Nan ne sababbin hannu ke yin kuskure, su ɗauka duk harsashin da sunansa ke da magnum sai furaiman magnum. Albarushin ne ke nuna wanda ya dace, kuma littattafan ɗura na Lyman da Speer da Hornady suna rubuta ainihin furaiman da aka yi gwaji da shi. Canza shi na iya ɗaga matsi, abin da ya sa ƙa'idar masu sana'ar ita ce a rage awon albarushi a faro daga ƙasa duk lokacin da aka sauya wani abu.

Batun dalma ya sake kunno kai da yawaitar filayen harbi na cikin gini, inda ma'aikata ke shaƙar hayaƙi yini guda. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kamfanoni sun fito da furaimomi marasa dalma, sai dai da su wata 'yar fitina ta shigo: kwanson .45 ACP, wanda tun asali babban furaima yake ci, aka fara yin wasu da ƙaramin gurbi. Mai ɗura da ya tsinto kwanso a fili yanzu sai ya zauna ya ware su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba injinsa ya cije yana ƙoƙarin cusa babba a ƙaramin rami.

Duk wannan tsinkaye yana aiki ne idan akwai kaya a kanti. An yi ƙaranci a 2009, an sake yi a 2013 bayan harbin makarantar Sandy Hook da fargabar sababbin dokoki, amma na 2020 ya fi su duka. Annobar korona, zanga-zanga da zaɓe suka haɗu, hukumar FBI ta gudanar da binciken masu neman sayen bindiga kusan sau miliyan 40 a shekarar. Kamfanonin da ke yin furaima su ne dai masu yin harsashi, don haka suka riƙe abinsu don cika nasu odar. Kwalin dubu da ake saye dala 30 zuwa 40 ya haura dala 100, in ma an samu. A shekarar ce kuma Remington ya durƙushe, masana'antarsa ta Lonoke a jihar Arkansas ta yi rauni, har Vista Outdoor, kamfanin da a lokacin ke da Federal da CCI, ya saye ta. A 2021 gwamnatin Amurka ta sanar da takunkumi kan shigo da harsasan Rasha, wata ƙofar ta sake rufewa. Mutanen da a da ba sa taɓa komai sai Federal suka koma sayen Ginex na Bosniya da Fiocchi na Italiya, wasu ma suka riƙa sa furaiman ƙananan harsasan doguwar bindiga, wanda faɗinsa ɗaya ne amma kofinsa ya fi kauri, da duk rashin tashin da hakan ke jawowa a bindiga mai sassauƙan duka.

Farashin ya sauko daga baya, bai dai koma inda yake ba. Sayen Remington ya tara uku daga cikin manyan sunaye huɗu, wato Federal da CCI da Remington, a hannun mai gida ɗaya, Winchester kaɗai ya rage a hannun kamfanin Olin. A ƙarshen 2024 kuma rukunin CSG na Jamhuriyar Cek, wanda dama shi ke da rinjayen hannun jari a Fiocchi, ya saye waɗannan ukun a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 2.