Castlevania: Jerin Wasannin Farautar Dirakula da Zaɓen Kashi na Gaba

Castlevania jerin wasannin bidiyo ne na kamfanin Konami da ke ƙasar Japan. Na farkonsu ya fito a shekarar 1986 a kan na'urar Famicom Disk System, ya isa Amurka a 1987 a kan na'urar NES ta Nintendo. Jigon labarin shi ne gabar da ke tsakanin zuri'ar Belmont, wadda ta gaji farautar masu shan jini, da Dirakula, wanda ake kashewa amma ya sake tashi shi da fadarsa bayan kimanin shekara ɗari a yankin Transilbaniya. An aro sunan Dirakula ne daga littafin Bram Stoker na 1897, yawancin labarin kuwa ƙirƙirar Konami ne. Da yake wasannin sun haura ashirin, kuma ba a fitar da su bisa tsarin shekarun labarinsu ba, duk wanda ya gama ɗaya yakan tsaya yana tunanin wanne zai ɗauka, kuma amsar ta fi dogara ga salon wasan da ya gama fiye da lamba ko shekarar fitowa.

Salon farko

A wasan 1986 mai wasa yana riƙe da Simon Belmont, wanda ya shiga fadar a shekarar 1691 ta labari, ba shi da komai sai bulalar gado mai suna Vampire Killer. Tafiya ce daga mataki zuwa mataki, babu komawa baya. Simon yana da nauyin jiki da gangan: bulalar takan ɗan jinkirta kafin ta sauka, idan ya yi tsalle ba ya iya canza hanya a sama, kuma duk abin da ya taɓa shi sai ya wurga shi baya, sau da yawa cikin rami. Kyandiran da ke jikin bango suna zubo da zukata idan an doke su, amma zukatan ba sa ƙara lafiya, su ne kuɗin jefa wuƙa ko gatari ko ruwan tsarki. Lafiya tana cikin naman da aka ɓoye a bango. Wanda ya ƙware a wannan salo haƙuri da haddar hanya ya koya, ba saurin yatsa ba.

Dracula's Curse na 1989 ya koma 1476 wajen Trevor Belmont, ya kawo hanyoyi masu rassa da abokan tafiya uku, cikinsu har da Alucard, ɗan Dirakula. Super Castlevania IV na 1991 ya sassauta, domin ana iya kai bulala ta fuskoki takwas. Rondo of Blood na 1993, wanda Richter Belmont yake jagoranta a 1792, shi ne ƙololuwar wannan salo a ganin masu yawa, kuma ra'ayin yana da hujja: akwai ɓoyayyun matakai, akwai fursunonin da ake ceto, kuma wahalarsa tana da adalci.

Symphony of the Night da abin da ya biyo baya

A 1997 jerin ya sauya kamanni da fitowar Symphony of the Night a kan PlayStation. Maimakon matakai, fada ɗaya ce babba mai taswira, ƙofofi da yawa a rufe suke sai an samu wata baiwa, kamar rikiɗewa zuwa jemage ko hazo. Alucard, jarumin wannan wasan, yana ƙara ƙarfi da yawan faɗa, yana sauya takubba da sulke. Koji Igarashi, wanda daga baya ya jagoranci jerin har ya bar Konami a 2014, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin; Michiru Yamane ta tsara kiɗan, Ayami Kojima ta zana mutanen.

A nan ne batun gamawa yake da tarko. Wanda ya hau saman fada ya kashe Richter zai ga rubutun ƙarshe yana hawa, ya ɗauka ya gama, alhali rabi kawai ya yi. Sai an nemo wani tabarau an saka kafin faɗan, sannan a ga dunƙulen sihirin da matsafi Shaft yake juya Richter da shi. Idan aka fasa dunƙulen aka bar mutumin da ransa, sai wata fada ta biyu ta bayyana, irin ta farko amma a kife, rufi ya koma ƙasa. Cikakkiyar taswirar wasan takan kai kashi 200.6 cikin ɗari. Don haka abu na farko da ya kamata mai neman kashi na gaba ya tabbatar shi ne ko ya ga ƙarshen gaskiya. Bayan nan ma, rubuta sunan Richter a sabon wasa yana ba da damar sake zagaye fadar da bulala.

Wasanni shida sun bi wannan salo a kan ƙananan na'urorin hannu na Nintendo. Uku a Game Boy Advance: Circle of the Moon a 2001, Harmony of Dissonance a 2002, da Aria of Sorrow a 2003. Uku kuma a DS: Dawn of Sorrow a 2005, Portrait of Ruin a 2006, da Order of Ecclesia a 2008. Aria of Sorrow ya fita daban, domin labarinsa a 2035 yake, bayan an riga an halaka Dirakula a 1999, kuma jaruminsa Soma Cruz yana zuƙe ruhin dodannin da ya kashe ya mayar da shi makami. Shi ma yana ɓoye ƙarshensa na gaskiya, sai an ɗaura wasu ruhohi uku a faɗan da ake zaton shi ne na ƙarshe.

Akwai kuma masu hoto mai zurfi (3D), irin su Lament of Innocence na 2003, wanda ya ba da asalin bulalar a 1094, da Lords of Shadow na 2010, wanda kamfanin MercurySteam na Sifaniya ya yi da sabon labari da bai haɗu da na sauran ba.

Yadda ake zaɓe

Wanda ya gama Symphony of the Night ya ji daɗin yawo da cike taswira, Aria of Sorrow ne ya fi cancanta ya bi da shi, sannan Dawn of Sorrow, wanda ya ɗora labarin shekara ɗaya bayan haka. Idan kuwa labarin Richter ne ya ja hankalinsa, sai ya koma Rondo of Blood, tunda faɗan da ya buɗe Symphony shi ne wanda ya rufe Rondo. Amma ya shiga da shirin mutuwa da yawa, don babu ƙarin ƙarfi da zai ceto shi. Order of Ecclesia ya fi dacewa da wanda ya ga Symphony ya yi sauƙi. Mai fitowa daga wasan 1986 ya fi kyau ya wuce zuwa Super Castlevania IV ko Dracula's Curse. Simon's Quest na 1987, duk da lambar biyu da yake ɗauke da ita a sunansa na Castlevania II, ba ya cikin abin da za a gaggauta: yana da dare da rana da garuruwa, amma mutanen garin sukan ba da bayani mai ruɗarwa, har wasu wuraren ba a wuce su sai da jagora. Bin shekarun labari tun daga 1094 shi ne mafi raunin tsari, domin yana tsallaka da mutum tsakanin na'urori da salo marasa alaƙa.

Samuwa a Katsina

A shagunan gem na Katsina ƙwallon ƙafa ce ke riƙe da allo, saboda mutum biyu ne ke bugawa, a tashi cikin mintuna, na layi su zauna. Castlevania wasan mutum ɗaya ne mai cin awanni, shi ya sa ya fi zama a waya ko a kwamfutar gida. Symphony of the Night ya fito a wayoyin Android da iPhone a 2020, ko da yake maɓallan jikin gilashi suna wahalar da sihirin da ke buƙatar juya yatsa da sauri. Mai PlayStation 4 yana da Requiem na 2018, wanda ya haɗa Rondo da Symphony, da Anniversary Collection na 2019 mai tsofaffin wasannin, da Advance Collection na 2021 mai ɗauke da ukun Game Boy Advance. Dominus Collection na 2024, mai ɗauke da ukun DS, bai fito a PlayStation 4 ba, sai a PlayStation 5 da Switch da Xbox Series da kwamfuta.

Yanayin wuta ma yana da hannu a zaɓen. A tsarin asali na Symphony da masu bin salonsa ba a ajiye wasa sai an isa ɗaki na musamman, don haka idan aka ɗauke wuta a tsakiyar faɗa, duk abin da aka tara tun ɗakin baya ya tafi. Advance Collection da Dominus Collection suna barin mutum ya ajiye a duk inda ya tsaya, har ya mayar da wasa baya idan ya yi kuskure, wanda hakan ya sa Aria of Sorrow ya ƙara zama zaɓi mai sauƙi ga wanda yake wasa a kan talabijin ba tare da janareta ko sola ba.