Wasannin Harbi a Sararin Samaniya na Zamanin Faifan CD: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wasa ne wannan?

Wasan bidiyo ne da ake ba ka ɗan ƙaramin kumbo, allon yana ta tafiya da kansa daga dama zuwa hagu, abokan gaba suna kwararowa kamar fari. Aikinka harbi da kauce wa harsashi. A ƙarshen kowane zango akwai wani ƙaton goga da sai ka kayar da shi kafin ka wuce. Gradius na kamfanin Konami (1985) da R-Type na Irem (1987) su ne iyayen gidan, kuma a ɗakunan wasa na jefa kwabo suka fara.

Waɗanne na'urorin wasa na gida ne suka fara ɗaukar faifan CD?

Ta farko ita ce PC Engine ta kamfanonin NEC da Hudson Soft, wadda ta fito a Japan a 1987. A Disamban 1988 aka yi mata ƙarin akwatin karanta faifai, CD-ROM². A Amurka sunan PC Engine ɗin TurboGrafx-16. Sega ta biyo baya da Mega-CD a ƙarshen 1991, wadda Amurkawa suka sani da Sega CD daga 1992. Cikin wasannin da suka raka ta kasuwa akwai Sol-Feace.

To me faifan ya ƙara wa wasan?

Nan ne mutane ke yin kuskure. Faifan CD yana ɗaukar megabait fiye da 500, alhali katin wasa na lokacin, wanda ake cusawa cikin na'urar, da ƙyar yake kai megabait ɗaya. Sai mutum ya ɗauka wasan zai ninka girma sau ɗari biyar. Ina! Rumbu ya cika, amma ƙwaryar awo ƙarama ce. Na'urar ba ta iya wasa kai tsaye daga faifai. Sai ta kwaso zango guda ta zuba a ƙwaƙwalwarta, wadda a CD-ROM² ta farko kilobait 64 ce kacal. A 1991 aka fito da Super CD-ROM², ta koma 256. Shi ya sa zanen bai yi wa na kati nisa sosai ba.

Inda faifan ya yi rawar gani shi ne kiɗa. Da, na'urar ce ke ƙirƙiro sautin da kanta, ƙit-ƙit kamar agogo. Da zuwan CD kuwa, kiɗan da aka naɗa a situdiyo ne ke tashi daga faifan, da jita da ganguna na gaske, har kana iya sa faifan a rediyo mai CD ka saurara, muddin ka tsallake layin da ke ɗauke da bayanan wasan. Sauran sararin kuma aka cika shi da zanen katun da muryoyin 'yan wasa tsakanin zango da zango.

R-Type misali ne mai kyau. A 1988 sai da aka raba shi kati biyu a Japan don bai shiga ɗaya ba. A 1991 R-Type Complete CD ya haɗa shi wuri guda.

Wanne ya fi?

A ganina Gate of Thunder na 1992. Gudunsa ba ya sarƙewa ko allon ya cika, makamansa uku kana sauya su yadda kake so, kiɗansa kuma na tayar da tsikar jiki. Har kyauta aka riƙa haɗa shi da na'urar TurboDuo, wato TurboGrafx mai haɗe da akwatin faifai, a Amurka. Wasu za su ce Lords of Thunder na 1993 ya fi shi kiɗa, ban musa ba, sai dai shi jarumi ne mai sulke ke tashi, ba kumbo ba. Gradius II da Super Darius ma sun samu fitowa a faifan PC Engine.

Akwai wahala?

Sosai. Harsashi ɗaya kan isa ya tarwatsa ka, a wasu ma ka rasa duk makaman da ka tara. Haddace inda kowane maƙiyi zai ɓullo ita ce dabarar.

Ana iya samun su yau?

Faifan asali ya yi tsada, idon karanta faifai na tsofaffin na'urorin kuma yakan mutu. A 2020 Konami ta fitar da ƙaramar PC Engine Mini, kuma cikin wasannin da ke cikinta akwai Lords of Thunder da Gradius II da Super Darius.