Gidan Ban Tsoro na Nishaɗi

Gidan ban tsoro wuri ne da ake ginawa, ko a gyara tsohon gini, domin mutane su sayi tikiti su shiga a razana su. Mai shiga yana bin hanya ɗaya da aka shata masa cikin duhu da hayaƙi da ƙara, yana ratsa ɗakuna da lunguna inda 'yan wasa masu shigar dodanni da na'urori ke dakonsa. Ba irin gidan da ake cewa aljannu sun tare a ciki ake nufi ba: a nan kowace fatalwa ma'aikaciya ce mai lokacin tashi daga aiki. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka, inda kakarta ke kamawa daga ƙarshen Satumba zuwa bikin Halloween na 31 ga Oktoba. A Japan kuwa lokacin zafi ne kasuwar ke ci, musamman a watan Agusta, lokacin bikin Obon na tunawa da magabata.

Asali

Tushen sana'ar yana cikin wasannin Turai na ƙarni na 19. Marie Tussaud, wadda ta kafa gidan mutum-mutumin kakin zuma a titin Baker na Landan a 1835, ta keɓe ɗaki guda ga siffofin kawunan waɗanda aka fille a juyin juya halin Faransa da siffofin masu kisan kai, kuma sai an ƙara kuɗi ake shigarsa. A 1862 John Henry Pepper ya nuna a Landan dabarar fito da fatalwa ta gilashi, bisa tunanin injiniya Henry Dircks. Daga nan abin ya koma filayen wasa. Kamfanin Orton and Spooner ya ƙera wani gidan fatalwa a 1915 wanda har yanzu yake ajiye a Hollycombe da ke Ingila, kuma a 1930 aka buɗe jirgin fatalwa na Blackpool, inda ake zama cikin ƙaramin tarago yana ratsa duhu.

A Amurka, cikin shekarun 1930, ɓarnar samari a daren Halloween ta sa iyaye suka fara shirya musu wasan tsoro a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don su zauna a unguwa. Buɗe gidan fatalwa na Haunted Mansion a filin wasan Disneyland a watan Agustan 1969 ya nuna cewa abin zai iya zama babbar kasuwa. Ƙungiyar matasa ta Jaycees ta yi ta buɗe irin waɗannan gidaje a shekarun 1970 don tara kuɗin agaji. Filin wasan Knott's a Kalifoniya ya fara dararensa na tsoro a 1973, filin wasan Universal kuma ya fara nasa a Orlando a 1991. A wannan shekarar ce tsohon kurkukun Eastern State da ke Filadalfiya ya soma shirya taron Halloween, wanda kuɗinsa ke taimakawa wajen kula da ginin.

Yau akwai na cikin gini, da na daji da ake bi da ƙafa, da na gonar masara da aka yanka wa hanyoyi masu ɓatarwa, da wanda tarakta ke jan mutane a kan tirela. Wasu majami'u ma suna shirya nasu don nuna azabar wuta.

Yadda ake gina shi

Kusan dukkan gidajen wucin gadi ana tayar da su ne da allunan bango masu faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, wato girman fallen filawud guda. Ana kafa fallen a kan firam ɗin katako, a haɗa allo da allo da sukurori, sannan a ɗaure su ta sama da katakai masu gicciye. Ɗaurin saman nan shi ke hana bango faɗuwa, domin mutumin da ya firgita da bayansa yake dukan bango da dukkan nauyinsa. Ba a amfani da ƙusa saboda za a kwance a ajiye sai baɗi. Dokar Amurka ta nemi hanya ta kai aƙalla inci 36 saboda keken guragu, kuma jami'an kashe gobara sukan nemi fiye da haka.

Ba a barin lungu ya miƙe da nisa. Duk bayan 'yan taku sai an karya kwana, ko a rataya labule, don kada na baya su hango abin da ya sami na gaba. A bayan bangon kuma akwai wata hanyar da baƙo ba ya gani, wadda 'yan wasa da masu gyara ke bi, har ɗan wasa ɗaya ya iya razana ayari ɗaya a wurare biyu ko uku.

Lissafin kuɗin gidan yana rataye da saurin wucewar mutane. Idan ana sakin ayarin mutum 6 kowane daƙiƙa 30, mutum 720 ke nan a awa. Idan aka maida tazarar minti ɗaya, adadin ya koma 360, kuma darare ƙalilan ne a kakar. To amma matse tazara na da illa. Ayari mai tsoro yakan toge, na baya ya cim masa, kafin a ankara an sami dogon jeri kamar layin sayen mai. Da zarar haka ta faru wasan ya lalace, don na gaba ne kawai ke razana, sauran kallo suke yi. Shi ya sa ƙa'idar farko da ake koya wa sabon ɗan wasa ita ce ya kora mutane gaba: ya bari shugaban ayari ya wuce, ya afka daga gefe ko daga baya wajen na tsakiya da na ƙarshe. Wanda ya tare su ta gaba ya sa sun ja da baya sun tattake juna.

Dabarun razanarwa

Mafi yawan razanarwa ta dogara ne ga karkatar da ido. Ana ajiye wani abu mai haske ko motsi a hagu, akwatin gawa ko butum-butumi, idanu su tafi can, sai ainihin farmakin ya fito daga dama. Wata dabarar ita ce a jera butum-butumi biyar, na shidan mutum ne da ya ƙame. Akwai kuma taga mai faɗuwa: hoton bango da ke zamewa ƙasa da ƙarfi ya bugi katako, fuskar ɗan wasa ta bayyana. Ƙarar bugun ce ke yin rabin aikin. Gwanaye kan bar ɗaki ɗaya ko biyu babu komai, domin jiki yana sabawa. In aka yi ta ihu a kowane lungu, kafin rabin hanya mutane sun koma dariya.

Dabarar Pepper har yanzu tana aiki, kuma ita ce ke fito da fatalwowin da ke rawa a zauren Haunted Mansion. Ana kafa gilashi mai tsabta a karkace, kusurwar digiri 45, tsakanin mai kallo da ɗakin. A gefe akwai ɓoyayyen ɗaki da aka shafe da baƙin fenti. In aka kunna wa ɗan wasan da ke can fitila, hotonsa zai bayyana a gilashin kamar yana tsaye a tsakiyar ɗakin ana gani ta cikinsa. In aka rage fitilar sai ya ɓace. Ƙura ko shatin yatsa a gilashin, ko haske da ya ɓullo daga wani wuri, sun isa tona asiri.

Rami mai juyawa kuwa gada ce tsayayya da ke ratsa cikin wata babbar ganga mai zane da ke juyawa. Gadar ba ta motsi, amma ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana kifewa, don haka dole a sa mata ƙarfen dafawa mai ƙwari a kowane gefe. Ramin matsi kuma manyan jakunkuna biyu ne da fanka ke hurawa, mutum ya kutsa tsakaninsu cikin duhu.

Dodannin da ke zabura da kansu galibi da iska suke aiki. Kwamfaresa tana tara iska, tiyo ya kai ta ga bawul mai aiki da lantarki, bawul ya sake ta cikin silinda, silinda ta tura butum-butumin. Ƙarfin iskar yakan kai ninki biyu zuwa uku na iskar tayar mota. Abin da ke tayar da shi tabarma ce da ake takawa, ko na'urar gano motsi, ko ma'aikaci mai maɓalli, kuma wani ƙaramin akwatin sarrafawa ne ke haɗa motsi da sauti da fitila. Matsalolinsa sanannu ne. Ruwa yana taruwa a tankin kwamfaresa da tiyo ya sa bawul ya maƙale, don haka ake zubar da shi kowane dare. Na'urar gano motsi takan harba da wuri kafin ayari ya iso. In ba a sa tazarar hutu ba, dodon zai yi ta tashi da zama har ya zama abin dariya. Kuma dole a kafa shinge yadda hannun baƙo ko kansa ba zai kai inda ƙarfen ke wucewa ba.

Hayaƙin ba na wuta ba ne: inji ne ke dafa ruwa mai haɗe da gilisarin ko makamancinsa. In ana so ya kwanta a ƙasa sai a bi da shi ta cikin ƙanƙara. Yawansa yana sa ƙasa santsi, yana tayar da ƙararrawar gobara, yana kuma damun masu asma. Fitila mai walƙiya tana iya tayar da farfaɗiya ga wasu, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a ƙofa. Zarto mai inji da ake koro mutane da shi a ƙarshe an cire masa sarƙa, kuma a waje ake kunna shi saboda gubar hayaƙin fetur.

'Yan wasa

Yawancinsu ma'aikatan kaka ne ko 'yan sa-kai. Ƙa'idar akasarin gidaje ita ce kada ɗan wasa ya taɓa baƙo, kada baƙo ya taɓa shi. Duk da haka naushi na daga cikin raunukan da aka fi samu, don wasu in sun razana hannu suke kaiwa. Ana koya wa ɗan wasa ya afka ya janye nan take, ya tsaya inda hannu ba zai same shi ba. Ana koya masa fitar da gurnani daga ciki maimakon maƙogwaro, in ba haka ba a dare na biyu muryar ta dishe. Abin rufe fuska na roba yana tara zafi, yana kuma rage gani, don haka ake buƙatar ruwa da mai canji. Ɗan wasa shi ne kuma idon gidan: shi ke fara ganin wanda ya suma ko wanda ya kunna ashana.

Wasu gidajen suna ba baƙo zaɓi, wanda ya yarda a taɓa shi ya rataya sarƙa mai haske a wuya. Akwai kuma na matuƙa, inda ake sa hannu a takardar yarda, a ɗaure mutum ko a jiƙa shi, a ba shi wata kalma da zai furta a tsaya. Masu sana'ar da dama ba sa son a haɗa su da waɗannan.

Gobara da doka

An gina wurin ne don mutum ya ɓace a ciki, kuma kayan adonsa soso ne da yadi da katako. Ranar 9 ga Yunin 1979 gobara a jirgin fatalwa na Luna Park da ke Sidni ta kashe mutum 7, shida daga cikinsu yara. Ranar 11 ga Mayun 1984 matasa 8 suka mutu a Haunted Castle na filin Six Flags Great Adventure da ke New Jersey. Tireloli 17 ne aka haɗa aka yi ginin, babu na'urar yayyafa ruwa, babu ta gano hayaƙi, kuma an ɗauke shi a matsayin ginin wucin gadi. Wani yaro ya shaida wa kotu cewa ya ga wani ya kunna laita don ganin hanya, wuta ta kama soson da aka manna a bango.

Bayan wannan aka ware wa irin waɗannan gine-gine babi na musamman a ƙa'idojin gobara na Amurka. Dole a sa famfunan yayyafi da na'urar gano hayaƙi. Da zarar ƙararrawa ta tashi, sautin wasa da fitilun ruɗarwa su mutu da kansu, fitilun hanya su kama, a ji sanarwa ta lasifika. Ana sa alamun fita har a ƙasa-ƙasa kusa da daɓe, don hayaƙi sama yake fara cikawa. Ana ɗauke wa ginin wucin gadi sharaɗin yayyafi ne kawai idan bai kai murabba'in ƙafa 1,000 ba, kuma babu inda ya kai ƙafa 50 daga ƙofar fita. Yadi da katako ana fesa musu maganin hana kamawar wuta, jami'i kuma yakan yanki ƙyalle ya gwada da wuta kafin ya ba da izini. Tsadar waɗannan sharuɗɗa da ta inshora ta fitar da ƙananan gidajen agaji da yawa daga sana'ar, ta bar ta a hannun 'yan kasuwa, waɗanda ke haɗuwa kowace shekara a baje kolin TransWorld don sayen kaya.

Ƙofofin gaggawa suna da wani amfanin. Ta nan ake fitar da wanda ya ce ya gaji. A asibitin fatalwa na Fuji-Q Highland a Japan, inda hanyar ta kai kusan mita 900, an tanadi irin waɗannan ƙofofi a kan hanya musamman don masu sarewa.

Binciken masana

A 2020 masu bincike na Jami'ar Aarhus, ciki har da Marc Malmdorf Andersen da Mathias Clasen, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a gidan Dystopia da ke Vejle a Danmak. Sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka ɗauki bidiyonsu, suka tambaye su bayan sun fito. Sun gano cewa jin daɗi yana hawa tare da tsoro zuwa wani mataki, daga nan sai ya fara sauka. Waɗanda ba su razana sosai ba da waɗanda razanar ta yi wa yawa duk ba su kai na tsakiya jin daɗi ba.