Fadar Sarkin Maroko a Fas: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Duk shekara in ayarinmu na ziyarar Shehu Tijjani zai tashi daga Gusau, tambayoyin nan ne dai. Ga su a rubuce, kowa ya karanta kafin ya kira ni.

Za a bar mu mu shiga fadar?

A'a. Har gobe gidan sarki ne. Iyakarku bakin ƙofa.

Ƙofofin nan bakwai na zinari ne?

Tagulla ce, Alhaji, guga ta sha. Kuma ba tsofaffi ba ne, a zamanin Sarki Hasan na Biyu aka yi su. Fadar ce tsohuwa: tun 1276 Sarki Abu Yusuf Yakubu na gidan Banu Marin ya kafa Fas Jadid, wato sabon gari, da fadarsa a ciki.

Tana kusa da zawiyya?

Zawiyyar Shehu Tijjani tana tsohon gari, Fas Bali, inda mota ba ta shiga lunguna. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, a hankali muke tafiya. Ki dai bar takalmin biki a gida.

Hoto fa?

Ƙofa ka ɗauka son ranka. Masu gadi kuwa, kada ka soma.

Zan iya yin irin wannan ado a gidana na Gusau?

To, nan ne maganar take. Za ka iya, amma wane ɓangare? Abin da kuke kira tayil, su zallij suke ce masa, kuma ba a kwali yake zuwa ba. Yumɓu ne gasasshe mai launi, mai sana'a yana zaune da 'yar gudumarsa mai kaifi yana sare shi ƙwaya-ƙwaya, wata ko farce ba ta kai ba. Sai a jera su a kife a ƙasa, a kwarara kwaɓi ta baya, sai ya bushe a ɗaga a ga fuskar. Mai sa tayil na gari ba wannan ya koya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Katakon rufinsu, arzi, daga duwatsun Atlas yake fitowa. Ko ka samu, ni ba zan ɗaukar maka alkawari a kan gararmu ba. Ƙoramar tsakar gida kuma ruwa take so kullum. Fas kogi ne ya ratsa ta, kai da burtsatse kake lallaɓawa, ga ƙurar hunturu.

In shawarata kake so, fasalin za ka ɗauko: katanga shiru daga waje, mashiga mai lanƙwasa yadda baƙo ba zai hango ciki ba, ɗakuna duk suna kallon tsakar gida, ado kuma can ciki. Wannan ai zaurenmu ne da shigifa, kakanninmu sun san shi, mu ne muka watsar muka koma gilashi yana kallon titi. Sai dai filinka da aljihunka su za su yanke hukunci, ka zauna da magininka tukuna.

To ina za mu ga cikin irin ginin?

Madarasar Bu Inaniya, nan cikin Fas Bali. Akwai zallij, akwai sassaƙar katako, kuma ana shiga. Wanda zai wuce Marrakesh ya leƙa kufan fadar Badi ta Ahmad al-Mansur, sarkin da rundunarsa ta karya Songhai a 1591. Daga baya Sarki Maulaya Isma'il ya kwashe adonta ya kai birnin Meknes.

Nawa ne mita ɗaya ta zallij?

Ni jagoran ziyara ne, ba dillali ba.