Yadda ake kiran sunayen baƙaƙen Ibrananci

Baƙaƙe nawa ne, kuma mene ne sunayensu?

Guda 22 ne, daga dama ake rubuta su zuwa hagu: alef, bet, gimel, dalet, he, vav, zayin, het, tet, yod, kaf, lamed, mem, nun, samek, ayin, pe, tsadi, kof, resh, shin, tav. Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san cewa Zabura ta 119 kashi 22 ce, kowane kashi da baƙinsa.

Me ya sa sunayensu suke kama da na Larabci?

Ai tushensu ɗaya. Duk wanda ya haddace abajada wajen malaman hisabi zai ji ta sarai cikin alef, bet, gimel, dalet. Yawancin sunayen ma kalmomi ne masu ma'ana: bet gida, ayin ido, yod hannu, resh kai, shin haƙori. Kwatanta su da baiti, aini, yad, ra'as da sinn.

To wane furuci ne daidai?

Nan ne magana take da faɗi. A Isra'ila ta yau, yawancin mutane suna furta het kamar خ, ayin ta saje da alef, resh kuwa daga maƙogwaro take fita, kusa da غ. Amma Yahudawan Yaman sun riƙe het kamar ح, ayin kamar ع, suna kuma cewa waw maimakon vav. Na Gabashin Turai kan ce "beis" a wurin bet. Duka furuci ne na masu harshen, sai dai ni ina ganin wanda ya yi karatun allo bai kamata ya jefar da ح da ع ɗinsa ba. Abin da wasu ke shan wahalar koya, shi tun yana yaro yake bakinsa.

Ina Bahaushe ya fi tuntuɓe?

A vav da pe. Wajen vav, ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, ka saki murya. Pe kuwa sai leɓɓa sun haɗu gam, domin in ka ce "fe" ka kira 'yar'uwarta wadda ake rubutawa ba tare da ɗigo a ciki ba. Tsadi tana kusa da "ts" ɗinmu, amma kada ka matse maƙogwaro kamar a "tsaki". A alef, gimel, dalet da lamed, gaɓar farko ake ƙarfafawa.