Tun harshe bai yi nauyi ba

Aikina awon hawan jini da na suga ne, gida-gida, daga Mabera har Runjin Sambo a birnin Sakkwato. A cikin wannan yawo na lura cewa iyali sun fi shiga ruɗani a watannin da dattijo yake kwance, da ransa, amma baki ya ƙi. Hawan jini kan jawo shanyewar ɓarin jiki dare ɗaya, kuma idan ɓangaren dama ta kama, sau da yawa har da magana take tafiya.

Akwai wani gida da na shiga. Maigidan ɗan kasuwar albasa ne, yana kwance a zaure, sai nuna wata jakar fata da ke rataye a ƙusa yake yi da hannun hagu. Aka zazzage ta: katin ATM biyu, takardar jinginar gona da ruwa ya cinye rabinta, da bayan kwalin magani cike da lissafi da ajami. Lambar sirrin katin, babu wanda ya sani. Uwargida ta ce akwai shanu a hannun wani makiyayi wajen Illela, amma ko nawa ne, oho. Sai da aka kai tumakin amarya kasuwa kafin a sayi magani.

Idan na tayar da zancen a rubuta dukiya da basussuka tun ana da lafiya, dattijai kan ce, "Ɗiyata, wagga magana ai kiran mutuwa ce." Sai in ce, "Baba, Allah Ya ja kwana, addini ne ya ce a rubuta." Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Ibn Umar kuma ya hori mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba.

A fara da bashi, wanda ake bin ka da wanda kake bi. Sai gonar da aka jinginar, dabbobin da ke wurin kiwo, kuɗin adashi, da amanar da wasu suka ba ka ajiya. Ragowar sadakin da ba a biya ba, shi ma bashi ne. A ware kayan mata a rubuce, domin an sha haɗa akuyar Inna ko filin da ta saya da guminta cikin gadon miji. Ba a taɓa rabo sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, ba kuma a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kyauta. Uba zai ce, "Na ba auta shagon nan," amma makulli na aljihunsa, shi ke karɓar haya. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa na da lafiya. In ya rasu ba a yi haka ba, shago ya koma gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Na ga 'yan uba sun daina gaisawa kan wannan. In za ka bayar, miƙa makulli da takarda gaban shaidu biyu, ka kuma yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Sunan makusanci da ake cikewa a fom ɗin banki ko na fansho bai mayar da shi mai dukiya ba. Shi ne dai wanda za a tuntuɓa. Banki zai nemi shaidar rasuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, da takardar kotu. Ku duba tun yanzu ko sunan Baba iri ɗaya ne a BVN, NIN da takardun fansho. Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya sa ku sintiri na watanni.

Maganin hawan jini da na suga ba a daina sha, don haka a ware masa kuɗi daban, a hannun mutum ɗaya amintacce da sanin kowa. A leƙa ofishin SOCHEMA, hukumar da ke kula da tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Sakkwato, a tambayi yadda tsarin yake. Kuma don Allah a daina aiken yara wurin mai POS da kati da lambar sirri a rubuce a bayansa.

Littafin makaranta mai ganye 40 ya wadatar a rubuta duk waɗannan. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin liman ko wani dattijo da aka yarda da shi, a riƙa sabunta shi duk bayan kaka, lokacin da ake biyan basussuka. Wanda ba ya boko ya yi da ajami, ya sa kwanan wata, shaidu su sa hannu.